Kwalta ta hana Inna Dije man shanu

Salamu alaikum jama'a. Yau daɗin kwalta ya ja mana faɗa!

Ƙanena Bello yana da jif mai manyan tayu, irin ta shiga daji. Kullum ta hanyar gona muke zuwa Jega, mu ɗauki Inna Dije mai nono a ruga. Yau bayan mun ɗauko ta, Bello ya ce, "Yaya, mu hau kwaltar Aliero, mota ma ta huta." Muka hau. Subhanallahi! Ko girgiza babu. Har na yi gyangyaɗi da carbi a hannu.

Muna isa kasuwa Inna ta buɗe gorarta, ta saki salati. "Bello, mi ka yi min? Ina man shanuna?"

Ashe kindirmo take ɗaurewa a bayan mota, gargadar hanya ta kaɗa mata shi, kafin Jega mai ya taso. Ga masu saye suna jira!

Bello ya ce, "Inna, yi haƙuri."

Ta ce, "Haƙurin mi? Tada mota!"

Wallahi sai da muka zagaya ramukan bayan kasuwa sau uku, tana rungume da gora tana cewa, "Ɗan nan, ga wani babba can, faɗa shi!"