Memorin da Na Saya a Bodinga

Mun ɗan wuce Bodinga, mota tana gudu, na buɗe wajen hotuna a wayata don in ga ko sabon memorin ya kama. Sai na ga fuskar wani mutum da ban taɓa gani ba, ya naɗe kai da rawani, bindiga a kafaɗa. Na ja ƙasa, ga wani. Na sake ja, ga wani dattijo zaune a ƙasa, an ɗaure masa hannu ta baya.

Bari in ɗauko muku daga farko. Mun tashi da asuba daga Sakkwato ni da gwaggona, za mu Shagari sunan ɗiyar yayata. Ni aka ɗora wa ɗaukar bidiyo, wayata kuwa ta cika fam, ko gaisuwar murya ba ta karɓa sai na goge wani abu. Kuɗin mota ya yi tashin da gwaggo ta yi ta salati tun daga tasha. Hanya dai lafiya lau, gero ya fid da kai dama da hagu, kore shar har iyakar ganinka.

A Bodinga muka sauka karyawa. Masar garin nan mai taushi ce, mai tuyar ta ƙara mana biyu don ta ji suna za mu. Kusa da ita akwai rumfar mai cajin waya da tura wa mutane karatu da waƙoƙi. Ya nuna mini memori iri biyu: sabo cikin kwalinsa, da na hannu wanda ake cirowa daga matattun wayoyi. Na hannun ya fi araha nesa ba kusa ba. Na zaɓe shi, ya buɗe gefen wayar da ɗan tsinke ya saka mini. Direban motar Shagari yana ta danna oda, muka ruga. Ban ce ya goge abin da ke ciki ba, shi ma bai tuna ba.

To, ga ni cikin mota da hotunan ’yan bindiga a wayata, ga shingen jami’an tsaro kafin Dandin Mahe, inda wani lokaci ake duba wayoyi. Kowa ya san yadda ake kallon wanda ake zargi da kai wa mutanen daji rahoto. Na nuna wa gwaggo. Ta dafe ƙirji ta ce, “Cire shi ki yar ta taga, maza!”

Matar da ke gefena, ma’aikaciyar asibiti ce da aka tura aiki Shagari, ta riƙe hannuna. “Kul, ɗiyata. In kinka yar, an gan ki, mi za ki ce? Kuma dattijon ga yana da iyali. Ke za ki kai ma jami’an da hannunki, ni ina bayanki.”

Haka aka yi. Da muka tsaya na miƙa wayar, ma’aikaciyar asibitin ta yi wa jami’an bayani. Babbansu ya duba, fuskarsa ta canja, ya ce in sauko. Na sauko.

Abin da ba zan manta ba shi ne, motar nan ba ta tafi ba. Direba ya gyara tsayuwa ya kashe inji. Wani tsoho mai buhunan albasa, wanda tun Bodinga yake faɗa a kan an matse masa kaya, shi ya fara saukowa. “Ranka ya daɗe, gabana anka sa mata abin ga. Ina cin masa ina kallo.” Direba ya kira wani ɗan’uwansa a tasha ya ce a nemo mai rumfar.

A raina na ce ba zai zo ba. Wa zai kawo kansa? Idan ya ce bai san ni ba, shi ke nan. Muna zaune a gindin dalbejiya, wata Bafulatana ta dama mini fura ta ƙi karɓar komai, na kasa sha. Aka kira azahar. Can sai ga babur, ga shi a kai, ko hula bai tsaya sawa ba. Bai jira tambaya ba. “Ni nas sayar mata. Cikin tarin wayoyin da nika saye ya fito, kuma na san wanda ya kawo su.”

Na zaga wurare kaɗan a rayuwata, amma ban taɓa ganin mutane irin na wannan hanyar ba. Ku kuma masu saye, ku sayi na kwali, ko ku tsaya a goge shi a gabanku.

Suka riƙe memorin, suka shiga da mai rumfar ciki don ya ba su bayani. Sunan jaririya kam an raɗa shi ba ma nan. Gab da la’asar babban jami’in ya fito da wayata a hannu, ya miƙo mini da kansa.

“Tashi ki tai wajen sunanku, ɗiyata. Ba ki da laifi, ba mai sake kiran ki.”

Sai a lokacin kuka ya zo mini.