Injin da Aka Kusa Sayarwa a Kilo

Shekara uku ina neman ƙaramin injin feren ƙarfe, irin wanda ke juya sandar ƙarfe kana fere ta kamar rake. Ni malamin makaranta ne, sha'awa ce kawai ta kama ni, har maiɗakina ta ce ko minsharina ya koma ƙarar inji. Babu garejin da ban leƙa ba daga Talata Mafara har Bakura. Sabo kuwa, kuɗin da aka faɗa mini sai na sayar da gidana na haɗa da na maƙwabta.

Wani direba ne ya ce ya ga irinsa a Maradun, a zauren wani tsohon maƙeri da idonsa ya mutu. Muka tafi ranar kasuwa, bisa sharaɗin ana kiran la'asar zai juyo, don hanyar nan ba a yin yamma a kanta.

Ina shiga na gan shi a lungu, kore, bai fi ɗan akuya ba, yana ƙyallin mai. Na kuma ga wanda ya riga ni: ɗan gwangwan mai sayen tsoffin ƙarafa, da sikelinsa da gudumarsa, har ya taya.

A wurinmu ba a shiga cinikin wani. In an taya, naka ido, sai mai kaya ya sallama ko mai saye ya janye. Muka gama doguwar gaisuwa, na zauna, kuɗi na ƙona mini cinya.

"Baba, ƙarhe na, kilo nika saye," in ji ɗan gwangwan. Ya ƙara dubu biyar.

"Albarka," in ji tsohon, amma muryar ta yi laushi.

Na yi tari. Na sake yi, irin wanda zai tada jaki daga barci.

Tsohon ya juyo wajena. "Malam, in ruwa kaka so ga randa. In magana ta, ba a zo kanka ba."

Na haɗiye maganata. Daga waje direba ya danna ham. Ɗan gwangwan ya ƙara dubu biyu, tsohon ya fara motsa baki. Na san kalma ɗaya ta rage, "na sallama", shi ke nan.

"Sikelinka zai ɗauke shi?" tsohon ya tambaya.

"A'a Baba, hwasa shi za ni yi nan, in auna gutsu-gutsu."

Tsohon ya miƙa hannu ya lalubi injin, ya murɗa hannun juya shi a hankali. Ko ƙara bai yi ba.

"Nan zauren?"

"Minti goma an ƙare."

"Albarka. Ko nawa ka ƙara, albarka."

Ɗan gwangwan ya tattara sikelinsa, ya ce ya janye. Ban bari ya gama sa takalmi ba na taya, sama da nasa, ban ma nemi ragi ba.

"Kai kuma mi za ka yi da shi?"

"Wasa, Baba. Wallahi wasa."

Tsohon ya sake lalubar injin. Ladan ya fara gyaran murya a lasifika.

"Na sallama. Ku kama shi ta gindi, kada ku ja shi ta hannu."