Tsamiyar Inna a Cikin Ruwa

Shekarar da ruwan dam ya cika a Karaye, ita ce shekarar da mijina, Malam, ya haukace a kan tsuntsaye. Ba haukan jifa ba, domin yana zuwa makaranta a Rogo ya koyar da 'ya'yan mutane lafiya lau, ya dawo ya ci tuwo har ya nemi ƙari. Wata tsohuwar kyamara ya sayo a Kano, mai dogon baki kamar mazurari, kuma tun daga nan ranar Asabar ta fita daga hannuna. Gari na wayewa zai tayar da babur ya nufi bakin ruwa, sai yamma mu gan shi da taɓo har gwiwa.

Mutum da 'ya'yansa reras, babu mai hoton kirki a cikinsu, amma zalɓe yana da na tsaye, yana da na ƙafa ɗaya, har da na ranar da ya juya wa Malam baya. Na taɓa cin kwalliya da atamfar sallah na tsaya a tsakar gida ina gyaran murya. Ya dube ni ya ce fim ya yi tsada, kuma ni ai kullum ina nan, tsuntsuwar nan kirinjijiya kuwa baƙuwa ce. Na ce Allah ya bar zumunci, in ya ji yunwa ta dafa masa.

A lokacin Inna, mahaifiyarsa, tana wurinmu. Ƙauyensu na cikin waɗanda ruwan ya ci, aka tashe su, shi ne Malam ya ɗauko ta da 'yan ƙorenta. Shi ne ɗanta na fari, ita kuma irin tsofaffin nan ce da ba su san wasa da kunyar ɗan fari ba. Ba ta kiran sunansa, ba ta duban fuskarsa, ba ta roƙonsa ko allura. In ya durƙusa gaishe ta, bango take amsa wa. In tana da magana da shi, kaji take gaya wa da ƙarfi, ni kuma in kwashe in kai masa. Har ga Allah abin yana ba ni haushi wani lokaci, gida ɗaya amma sai da tafinta.

Duk ranar da aka wanko hotuna daga Kano, Malam zai baje su a tabarma yana yi wa yara bayani kamar mai wa'azi. In ya tashi, sai Inna ta matso ta ɗauke su ɗaya bayan ɗaya, ta kai dab da ido, ta juya, ta ajiye da tsaki. Na ɗauka tsuntsayen ta tsana, na ji daɗi na samu 'yar ƙungiya. Sai wata rana na ji tana gaya wa kaji wai wasu mutane ba su da aiki sai ɗaukar reshe, kamar reshen daga sama ya faɗo, ba shi da gindi.

Na ɗauki hoton na duba. Belbelu ne jere a kan wani reshe. A nan na gane. Akwai tsamiya a ƙofar tsohon gidan su Inna, masunta sun ce kanta yana nan bai nutse ba, kuma a kanta tsuntsayen Malam suke sauka. Wata da watanni yana zuwa gidan ubansa yana ɗaukar baƙi, ya bar masu gida. Inna kuwa ƙafa ba ta kai ta bakin ruwa, idonta na dushewa, ruwa na ƙara hawa kowace damina. So take ta ga tsamiyarta kafin idon ko ruwan ya riga ta, kuma ta gwammace ta mutu da abin a ciki da ta buɗe baki ta roƙi ɗan fari. Tausayinta ya kama ni ƙwarai.

Na same shi yana goge kyamara da hular da na wanke masa. Na ce ashe ilimin boko bai hana mutum zama makaho ba, na zayyane masa komai. Bai yi musu ba, wanda shi ma abin tarihi ne a gidanmu. Asabar na zuwa ya shiga kwalekwalen masunta, shi da ko a rafi ba ya yarda ruwa ya wuce masa ƙugu. Ya dawo yana cika baki wai ko gezau bai yi ba, amma daga baya wani masunci ya gaya wa ƙanena cewa duk addu'ar da Malam ya haddace sai da ta ƙare kafin su isa.

Da hoton ya iso na duba. Tsamiyar ta bushe, babu ganye ko ɗaya, kashin tsuntsaye ya mayar da ita fara fat, ruwa ya kewaye ta ko ta ina. Na ce ya ɓoye, wannan ai sai ya ƙara mata ciwo. Ya ce tata ce, ba shi da ikon hana ta. Ya ajiye a bakin tabarmarta ya juya zai fita, kamar yadda ya saba.

Inna ta daɗe da hoton a hannu. Ta bi babban reshen da yatsa har inda ya shige ruwa. Na zuba ido in ji abin da za a gaya wa kaji. Sai ta ɗaga kai ta dubi bayansa.

"Kai," ta ce, "ta wane gefe ka tsaya?"

Malam ya waiga yana neman wanda ake wa magana. Babu kowa sai shi.

"Ta gabas, Inna. Reshen nan mai lanƙwasa yana hannun damana."

"To a kan ɗakina ka tsaya. A nan aka binne cibiyarka."

Ta mayar da ido kan hoton. Shi kuwa ya durƙusa a inda yake, mutum da furfura a gemu, ya kasa tashi. Na kora yara waje na ja ƙyaure.