Baba Shiru da Tarin Tela

Da sassafe, kafin masu shaguna su buɗe, yayana yake rataya rikodarsa a wuya ya fita. Wata rana a gindin famfo za ka same shi tsugune yana ɗaukar ƙarar ɗigar ruwa, wata rana a bayan shagon mai walda. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana wannan aiki, har unguwa ta laƙaba masa Baba Shiru.

In ya dawo sai ya shige ɗakinsa, ya ja ƙarar nan ya sassauta ta, ya shimfiɗa mata wani amo mai sanyi a ƙasa, har ta zama kiɗa. Faifai goma sha huɗu ya fitar, babu ganga, babu baiti ko ɗaya. Ni kaina na yi masa tsiya son raina. Ranar da ya kunna mini na farko, na yi minti goma ina jira, sannan na ce, "Yaya, wai yaushe za a fara?" Ya ce, "Ai har an kusa gamawa."

Zancen tela ne ya rufe mini baki. Yaya ya taɓa ɗaukar ƙarar keken ɗinkin telan layinmu, ana cikin ɗauka telan ya yi tari. Mai situdiyo ya ce a yanke wurin, Yaya ya kafe. "Keke ba ya ɗinki shi kaɗai. Bar mutumin a ciki."

Bayan shekara tara telan ya rasu. Da matarsa ta shigo gidanmu gaisuwa, Yaya ya zaunar da ita ya kunna faifan. Tana jin tarin ta dafe ƙirji. "Shi ne! Wallahi haka yake yi in zare ya tsinke masa." Sau bakwai ta sa aka maimaita mata. Ina wurin, kuma na fi ta kuka.

Yanzu kunnen Yaya na hagu ya tafi, likita ya ce na dama ma yana bin sahu, don haka ya ajiye rikoda. Abin da ke ci masa rai shi ne kwali shida na kaset a ƙarƙashin gadonsa, yawancinsu ba rubutu, don da kunne yake gane su. Jiya ya ce mini, "Auta, in na daina ji, wa zai san ƙarar ƙofar waye wannan?"

Yaya, kai ne mai haƙurin sauraro. Kai ne ka tsaya ka ji mu lokacin da kowa ke sauri, ka adana mana mutanenmu ba mu roƙe ka ba. Na gode, Allah Ya saka maka da alheri.

Ku kuma 'yan unguwa, ranar Asabar da hantsi ƙofarmu a buɗe take. Ku zo da biro, ku zauna ku kasa kunne yadda ya koya mana. Wanda ya gane takun mahaifiyarsa ko dariyar ɗan'uwansa, ya rubuta a jikin kaset ɗin. Don Allah kada ku ce sai wani makon. So nake ya ji ku da kunnensa.