Surukata Mai Tambayar Sunan Uwa

Assalamu alaikum. Ni tsohuwa ce, ban yi boko ba, ko a allo ma ban yi nisa ba. Maƙwabciyata malamar makaranta ce ke riƙe da alƙalami ina faɗa tana rubutawa, in kuka ya ci ƙarfina ta dakata. A zamanin da abin nan ya faru, lokacin da ake bin layi kafin a sami sabulu da madara, ni matar malami ce a unguwar Limancin Kona, cikin birnin Zariya. Ina ɗinkin hula, ina da rufin asiri, kuma unguwa ta san ni da kunya. Ɗana na fari ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa zama na yi hira da shi ba. Tun yaye gwaggonsa ta ɗauke shi zuwa Ƙofar Galadima, in ya zo gaishe ni nakan amsa ne ina kallon wani wuri. Haka uwata ta yi, haka aka yabe ta, ni ma da haka nake alfahari.

Yaron nan ya yi karatu har gwamnati ta tura shi ƙasar Sifen koyon aikin likita. Ya daɗe. Da ya tashi dawowa sai ya dawo da mata 'yar can, da 'yar yarinya mai tatata. An ce mana ta musulunta, kuma da ɗankwalinta ta iso. To amma mu a cikin ganuwa mun san yadda ake kawo amarya: mata ne ke rako ta a lulluɓe, ta durƙusa, kanta a ƙasa, gwaggonni su yi magana a madadinta. Shi kuwa da hantsi ya shigo tsakar gida riƙe da hannunta, ya tsaya a gabana, ya yi wata magana da yarensu, Sifaniyanci. A cikin maganar na ji sunana na yanka ya fito daga bakin ɗan da na haifa. Kafin in farfaɗo, matar ta sunkuyo ta manna kumatunta a nawa, dama da hagu, ta dube ni ido cikin ido, ta faɗi nata sunan, ta ƙara da wata kalma, enkantada. Na juya fuskata ga bango. Na ji wata cikin matan gida ta ja salati a hankali.

Da a nan ya tsaya da na ce rashin tarbiyya ne kawai. Amma 'yan sannu da zuwa suka yi ta shigowa, kuma kowa ya shigo sai an yi masa abu guda. Ɗana ya nuna mutum, ya faɗi sunansa da yarensu, ita ta maimaita sunan tana motsa leɓe kamar mai hadda, ta taɓa hannu ko kumatu, ta rufe da wannan kalma tata. Sannan ta sake tambayar wani abu, shi kuma ya yi dariya ya ce wai tana tambaya ne, ban da sunan uba, mene ne na wajen uwa. Aminiyata, wadda muka yi 'yan matanci tare, ita ma ta faɗi nata da na uwarta don kunyar ido, amma da ta shigo ɗakina sai ta riƙe haɓa. Ta ce Hajiya, ashe barci kike yi da ido biyu? Ta ce in gaya mata, a duk Zazzau, wa ke tambayar sunan mutum haɗe da na uwarsa in ba wanda zai kai shi wurin aiki ba? Ta ce ai ko boka da haka yake fara tambaya. Tun daga ranar zuciyata ba ta sake kwanciya ba.

Na shiga sa ido. In na ji suna magana da yarensu suna dariya, na ce da ni suke. In ta tsaya tana nuna mutane da yatsa tana jero sunayensu, na ce tana bitar waɗanda ta kama. Yarinyar kuma sunana aka sa mata. Mu in an yi wa uwa takwara, laƙabi ake kira, a ce Ummi ko Mama, don girmamawa. Surukar tawa kuwa tun safe take kwarara sunana a tsakar gida, zo nan, bari, sauka. Kowane kira ji nake kamar da gangan ake jan wani abu daga jikina. Na karɓo rubutu na wanke kumatuna inda ta taɓa, na riƙa turara ɗakina, na bi maƙwabta ina raɗa musu kada wanda ya sake ba ta suna. Har ya zama in ta fito ta miƙa hannu, mata sai su ɓoye nasu cikin mayafi. Yarinyar nan takan zo ta kama bakin zanina, ni kuwa in zare a hankali in shige ɗaki.

Malam, maigidana, bai bi ni ba. Shi ya ce baƙo rahama ne, kowace ƙasa da irin sallamarta. Ranar da aka gabatar masa da ita a ƙofar zaure, ya naɗe hannunsa cikin riga don kada ta kama, amma ya faɗa mata sunansa da na mahaifinsa da na mahaifiyarsa yana murmushi, har ya gwada faɗin kalmar tata almajiransa manya suna dariya. Na yi masa magana, ya ce ke dai Hajiya, in suna ne ai liman ma ya faɗe shi a bainar jama'a ranar da aka yanka rago. Ba a jima ba ƙafarsa ta kumbura, ya kwanta. Ya daɗe da ciwon suga, na sani, ni ke hana shi shan fura da zuma. Amma a lokacin na manta da wannan sarai. Abin da na tuna kawai shi ne ya ba da sunan uwarsa. Ɗana yana duba shi yana ba shi magani, matar tana dafa masa romo ta kawo da hannu biyu, ni kuma in karɓa in juye a kwata in ta ba da baya.

Mutum ɗaya ne a duniya zai iya warware mini, shi ne ɗana, don shi kaɗai ke jin harsunan biyu. Shi ne kuma wanda al'ada ta hana ni zama da shi. Ya sha zuwa ƙofar ɗakina ya ce Inna, akwai maganar da nake so mu yi. Ni kuwa in ce ya je ya gaya wa gwaggonsa. Na ce kunya ce, mutane ma suka ce kunya ce. Allah dai ya san na fake da ita ne, don na riga na yanke cewa duk abin da zai faɗa ba shi ke faɗa ba, an juya shi.

Malam ya rasu. A zaman makoki mata sun cika gida har waje, sai ga surukata ta zo da hijabi, idonta ya yi ja, ta zauna a gefena a kan tabarma kamar yadda ta ga surukai suna yi. Wasu tsofaffi daga dangin Malam na nesa, waɗanda ba su taɓa ganinta ba, suka tambaye ni wace ce wannan baiwar Allah. A nan haƙƙina ne in ce matar yaron gidan nan ce, uwar takwarata. Kalma biyu ce. Sai na buɗe baki na ce ban san ta ba, a tambayi wanda ya kawo ta. Ashe ta tsinci Hausar da za ta gane wannan. Ta dube ni, irin kallon ranar farko, ido cikin ido, amma babu murmushi. Ta ɗauki 'yarta ta tashi.

Bayan sadakar arba'in suka shirya komawa Sifen. Ina cikin takaba ɗana ya zo ya tsaya a bayan asabari, ya ce ko ban amsa ba zai faɗa. Ya ce ranar da ya kawo ta, abin da ya ce shi ne ga mahaifiyata, wadda nake ba ki labari, don a can ƙarami ake kaiwa gaban babba a faɗi sunan kowa. Ya ce kalmar da take rufewa da ita ma'anarta ta ji daɗin sanin mutum. Ya ce a ƙasarsu kowa suna biyu yake ɗauka, na gidan uba da na gidan uwa, shi ya sa take tambaya, kuma tana haddacewa ne don 'yarta ta tashi ta san danginta. Ya ce a wurinsu in kana zaune aka ƙi faɗin ko kai wane ne, an ce ba ka nan ke nan. Duk da haka abin da na iya cewa shi ne Allah ya kiyaye hanya.

Shekaru suka yi ta wucewa, ina jiran in ga abin da zai sami waɗanda ta karɓi sunayensu. Babu abin da ya same su. Aminiyata da ta kunna mini wutar tana nan garau, har Makka ta je ta dawo, da na tuna mata ma cewa ta yi ita ba ta tuna ta faɗi haka ba. Ina cikin neman yadda zan aika a ce su zo, sai labari ya iso cewa ɗana ya rasu a can bayan gajeriyar jinya. Wani abokin karatunsa da ya zo ta'aziyya ya gaya mini abin da ya ƙarasa ni. Ya ce duk taron da matar nan ta shiga da yarinyar, sai ta tsayar da ita a gaban mutane ta faɗi sunanta, ta ce sunan kakarta ne da ke Zariya. Ni na ce ban san ta ba a gaban jama'a, ita kuwa tana can tana gabatar da ni ga mutanen da ba su taɓa ganina ba. Abokin ya koma, ban san inda yake ba, kuma surukata da yarinyar sun bar garin da suke.

Ina roƙon iyaye mata 'yan uwana, in ɗanki ya kawo miki baƙo da wata irin sallama, ki tambaya kafin ki zarga. Kunya ado ce, amma in ta hana ki sauraron ɗanki ta zama ganuwa mara ƙofa. Kuma ki ji tsoron mai shigowa ɗaki da raɗa, ita za ta manta, ke za ki kwana da abin har kabari. Yau takwarata ta isa aure. Da za mu haɗu a kasuwa, wuce juna za mu yi, don wanda zai tsaya tsakaninmu ya ce ga kakarki yana ƙasa. Na ce wa malama ta sa sunana da na mahaifiyata a ƙarshen nan, ko Allah zai kai shi inda za a gane shi. Ta ce ba a sa suna a irin wannan shafi.