Abdullahi Nahuce Goma Sha Ɗaya

Arzika mutumin Tsafe ne. Ya shekara ashirin yana buga tafireta a Gusau kafin a zaunar da shi gaban kwamfuta a 1998. Muna ce masa Injiniya, shi kuwa ko kunya ba ya ji, amsawa yake yi.

Wata ƙungiyar manoma ta kawo masa faifan kwamfuta mai sunayen masu neman taki daga Bungudu. Kafin kwamfutar ta karanta, sai ta tambaye shi: in suna ya maimaitu, ta tsaya ne, ko ta riƙe na ƙarshe ta zubar da sauran? Arzika ba ya son a gan shi yana neman shawara, sai ya zaɓi zubarwa.

To, mutanenmu da sunan garinsu suke cike takarda. Abdullahi Nahuce goma sha ɗaya ne, ɗaya ya sami taki. Cikin goman da aka zubar har da surukinsa.

Tsohon ya zo ofis ya ce, "Arzika, 'yata na ba ka. Buhu guda ne ya gagara?"

Dawar tsohon ba ta kai ƙugu ba a daminar nan. An sallami Arzika, kuma har yau bai iya taka Nahuce ba.