Takalman da na ɓoye wa Rakiya

Bana shekara takwas da rasuwar ƙanwata Rakiya, amma sai makon jiya na iya fito da takalmanta daga ƙasan akwatina. Ni na ɓoye su.

Cikinta na uku yana wata biyar ta ga ɗan jini. Malama Talatu, ungozomar da ke duba ta a Yankara, ta ce ciki lafiya lau, ta bar surfe da ɗaukar ruwa, amma ta riƙa zagaya gida. Mijinta bai gamsu ba, ya kai ta wurin wani likita a Ƙanƙara, ni ma na raka su. Shi kuwa cewa ya yi ta kwanta, ko tsakar gida kada ta taka sai ta haihu. Muka auna: ga mai na'urar hoto, ga matar da muka san gidan ubanta. Muka bi likita.

Aka ɗauko ni daga Daudawa in yi gadi, don Rakiya ba ta iya zama. Ko sussukar maƙwabta ta jiyo sai ta je ta karɓe aikin. Sau biyu na kama ta a bakin ƙofa, a na uku na kwashe takalman.

"Yaya, mi na yi maki? Ƙafar nan fa ta kumbura. Bar ni in taka ko zuwa gindin dalbejiya."

"Likita ya fi ki sani," na ce mata.

Mako bakwai tana kwance. Wata safiya ta miƙe za ta yi alwala, numfashinta ya sarƙe. Muka ɗauke ta za mu asibiti, ba mu kai bakin titi ba ta cika, da cikinta.

Watan jiya ɗiyata Hauwa, ita ma da ciki, ta ga jini, na kai ta wurin likitan nan. Na tambaye shi mako nawa za ta kwanta. Ya yi dariya.

"Hajiya, ai an bar wannan. Yawan kwanciya na sa jini ya daskare a ƙafa, ya tafi huhu. Ta riƙa motsawa."

Ko ɗagowa bai yi ba, balle ya gane ni.

Na san kwana ne ya ƙare, na kuma san ilimi na sauyawa. Amma ji nake an ci amanata. Ya danƙa mini umarni na riƙe da hannu biyu, daga baya ya yar da shi cikin dariya, ya bar ni da abin da na aikata. Da Rakiya na nan, dariya za ta yi mini, sannan ta ja ni Yankara in ba Malama Talatu haƙuri. Ni har yau kunya ta hana ni zuwa.

Ƙafar Hauwa ɗaya da ta Rakiya. Na wanke takalman na ajiye a ƙofar ɗakinta. Kullum bayan la'asar nakan ce mata, "Tashi mu je gindin dalbejiya."

Allah ya jiƙan Rakiya, ya sa ta yafe mini.